Motar Velichka Ta Ƙi Tashi a Gonar Wardi

A ƙauyen Lipovets, can gindin duwatsu a kwarin da ake noman furen wardi don man turare a Bulgariya, idan mota ta fara wani kuka da mai ita bai gane ba, ba gareji ake fara kai ta ba. Ƙofar gidan Velichka ake kai ta. Sai ta fito tana goge hannu, ta ce a tayar, ta karkata kai gefe guda tana saurare. Can sai ta ce, "Bel ne ya saki," ko kuma, "Kashe ta maza, babu mai a injin nan." Da wuya ka ji an ce ta faɗa ba daidai ba.

Mahaifinta maƙeri ne. Allah ya ba shi 'ya'ya mata uku, babu namiji, ita ce ta tsakiya, kuma ita kaɗai ce hayaƙin maƙera bai sa ta gudu ba. Tun tana 'yar shekara takwas take masa zuga, tana miƙa masa awartaki kafin ya tambaya. Da ta kai sha takwas, gonar haɗin gwiwa ta ƙauyen ta nemi samarin da za a tura koyon tuƙin tarakta. Velichka ta je ta rubuta sunanta a ƙasan takardar. Shugaban gonar ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a bar ta ta je, sanyin makarantar ma kaɗai zai koro ta. Bai koro ta ba. Shekara ashirin da biyu ta yi a kan tarakta, kuma tun daga shekara ta biyar, duk injin da ya gagari maza a rumfar gyara, ita ake jira ta dawo daga gona.

Mijin da ta aura kuwa sai ka rantse da gangan aka haɗa su don mutanen gari su sami abin hira. Stoil malamin labarin ƙasa ne a makarantar ƙauyen, dogo, siriri, mai magana a hankali. Ya san sunan kowane kogi a duniya da inda ya faɗa teku, amma ko ƙusa ya ce zai buga, sai an nemo tsumman ɗaure yatsa. Ita ma "Malam" take ce masa, kamar sauran gari, sai dai a bakinta kalmar takan fito da ɗan zolaya. Shi kuma "Vela" yake ce mata. Da gonar haɗin gwiwa ta watse aka mayar wa kowa filin iyayensa, sai suka dasa wardi a nasu, layi talatin a kan gangaren da ke kallon rafi. 'Yarsu ɗaya, Nevena, ta yi aure a birnin Plovdiv, kuma duk zuwan da za ta yi sai ta kawo maganar su tattara su koma birni, akwai ɗaki a gidanta a hawa na bakwai.

A shekarar da wannan abu ya faru Velichka tana da sittin da bakwai, kuma shekara biyu ke nan tana ɓoye wani abu. Hannuwanta sun fara ƙin ta. Daga babban yatsan dama ciwon ya soma, ya bi sauran gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Da safe yatsun kan tashi a sandare, sai ta tsoma su a ruwan ɗumi a ɓoye kafin su yarda su lanƙwashe. Idan murfin kwalba ya ƙi buɗuwa, sai ta miƙa wa Stoil ta ce hannunta da maiƙo. Masu kawo mota kuma ta daina taɓa musu, sai dai ta saurara ta faɗi abin da za a yi, ta ce tana da tukunya a wuta. Ba zafin ne ya fi damunta ba. Abin da ke hana ta sakewa shi ne ranar da Nevena za ta ji, don ta san daga ranar maganar hawa na bakwai ta daina zama tayi.

Ƙarshen watan Mayu ne, tsakiyar tsintar wardi. Furen nan ba ya jira. Da gari ya fara haske ake shiga gona, a tsinke shi da raɓarsa, domin da zarar rana ta yi ƙarfi man da ke cikinsa ya fara gudu. Idan kuma aka bar shi a buhun leda ya daɗe, sai ya ɗauki zafi, ya dafe, ya koma ruwan ƙasa, matatar man wardi ba za ta ko kalle shi ba. Ranar su uku ne a gona: Velichka, da Stoil, da Fikriye, wata Baturkiya daga unguwar ƙasa wadda ta shekara ashirin tana taya su tsinta, gajera, mai saurin hannu da saurin baki. Furen ya buɗe ranar fiye da kowace rana a shekarar. Kafin ƙarfe tara sun cika buhu goma sha ɗaya, suka danna su a bayan tsohuwar jar motar Velichka har gilashin baya ya toshe. Matatar tana da nisan kilomita sha huɗu, kuma sha ɗaya daidai ake ɗauke sikeli.

Velichka ta shiga, ta taka kuloci, ta murɗa makulli.

Ƙas.

Ta saki, ta sake murɗawa. Ƙas. Ƙara guda ɗaya tak, kamar an ɗora cokali a kan faranti, daga nan shiru.

"Wayyo," in ji Fikriye daga kujerar baya, inda ta matse tsakanin buhu biyu. "Tsohuwa ta yi fushi. Na ce miki ki daina zaginta a gabanta."

Velichka ba ta yi dariya ba. Ta dubi agogon hannun Stoil. Tara da minti goma. Ta dubi inda motar take: a ƙasan gona, hancinta na kallon hawa, bayanta rafi, ƙasa kuma ta jiƙe da ruwan da aka yi shekaranjiya. Ko ƙarti biyar ne ba za su tura ta ba, balle tsofaffi uku.

Suna cikin haka sai ga Dobri, mai gonar da ke maƙwabtaka da tasu, ya gangaro a kan ɗan baburinsa. Ya taɓa yin kwandastan bas shekara uku a ƙuruciyarsa, kuma tun daga lokacin babu ciwon motar da bai sani ba.

"Yaya Vela, ina jin ku tun daga can. Batir ne. Ya mutu murus."

"Da kaka na saye shi."

"Na zamanin nan? Wata shida ma sun yi ƙoƙari."

Maimakon ta amsa, sai ta kunna fitilun gaba, ta ce wa Stoil ya je ya duba. Ya zagaya, ya sunkuya, ya kare ido da hannu saboda rana.

"Suna ci. Tar da su."

"Ka ji, Dobri? Mataccen batir ba ya haska fitila haka. Kuma da rauni ya yi, da ba ƙara ɗaya za ka ji ba, da sai ta yi ta ƙas-ƙas-ƙas kamar haƙoran mai jin sanyi."

"To kik ne," in ji Dobri, ko kunya babu. "Dama shi na so in ce. Ba ni guduma."

Kik shi ne ɗan injin da ke fara juya babban, kuma gaskiya ne idan ya tsufa yakan maƙale, a ɗan buge shi ya saki. Saboda haka ta bar shi. Babu guduma, sai ya buɗe bonet, ya zura ƙarfen kwance taya ya ƙwanƙwasa sau uku, ya ce a murɗa. Ƙas. Ya ƙara bugawa da ƙarfi har Velichka ta ce, "Kai, kai, ba jakinka ba ne." Ƙas.

Dobri ya miƙe yana share gumi. "Ya ƙone. Sai sabo. Bari in je gari in nemo surukina da motar kayansa, in dai bai tafi kasuwa ba." Ya hau babur ya yi gaba. Dukansu sun san zuwa gari da dawowa a kan wannan babur ba ya kasa awa biyu.

Ƙamshin wardi ya cika motar, ya yi nauyi, irin nauyin da Velichka ta san ma'anarsa. Ta sa hannu a jikin buhu ɗaya. Ya fara ɗumi. Suka sauke buhunan suka jera a inuwar wata babbar bishiya da ke bakin rafi, suka kwance bakinsu don su sha iska. Ta dawo ta tsaya gaban injin, ta tattara hankalinta.

"Fikriye, zauna a kujerata. Taka wancan na hagu har ƙasa. In na ce murɗa, ki murɗa ki riƙe. Malam, koma gaban fitila, kada ka ɗauke ido."

"Ni da ko keke ban taɓa tuƙawa ba," in ji Fikriye. "In ta tashi da ni ta faɗa rafi, ku gaya wa 'ya'yana Vela ce."

"Murɗa."

Ƙas.

"Sun mutu!" Stoil ya ɗaga murya. "Fitilun sun mutu gaba ɗaya. Yanzu kuma da ta saki sun dawo."

Nan Velichka ta gano bakin zaren. Da kik ne ya ƙone ya daina jan wuta, da fitilu ba su ko ƙifta ba. Wuta tana nan a batir, hanyar da za ta bi ce ta ƙuntata: 'yar kaɗan ta fitila tana wucewa, amma da an nemi mai yawa sai hanyar ta toshe. Ta duba kan batir guda biyu. Tsaf suke, ita da kanta take wanke su. Ta girgiza su, ba su motsa ba. Saura wayoyin.

"Sake murɗawa, ki riƙe har in ƙirga biyar."

Ta ƙirga, ta ce a saki. Sai ta bi jar waya da bayan yatsunta tun daga batir har inda hannunta ya kai. Sanyi. Ta koma kan baƙar, mai kaurin yatsa, wadda ta gangara ƙasa ta je ta kama jikin mota. Ta bi ta, ta bi ta, har ƙarƙashin mazaunin batir, wani lungu da ido ba ya gani. Ta fizge hannu.

"Ga ɓarawon."

Wurin ya yi zafi kamar gindin tukunya. Ta leƙa da ƙyar. Notin da ya ɗaure wayar da jikin mota ya ci tsatsa, ga wani kore-koren gari ya taru a kansa. Shekara da shekaru ruwan gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara yana fantsama can, ba wanda ya gani. Aikin minti goma ne: a kwance, a kankare, a ɗaure.

Ta ɗauko sifana mai lamba sha uku daga akwatin kayan aiki, ta zura hannu a lungun, ta kama notin. Ta ja. Wani zafi ya taso daga babban yatsanta ya harba har gwiwar hannu, yatsun suka buɗe da kansu, sifanar ta faɗi cikin ciyawa a ƙarƙashin mota.

"Santsi," ta ce. Ta durƙusa ta lalubo ta.

Ta sake gwadawa, wannan karon da hannu biyu, ta ciji leɓe. Sifanar ta sake suɓucewa. Ta tsaya dafe da gefen mota, kanta a sunkuye, tana kallon hannuwan nan da suka taɓa sauke injin tarakta, ga shi sun kasa noti ɗaya. Ba ta san idonta ya kawo ruwa ba sai da ta ga ɗigo a kan ƙurar batir.

Stoil ya zo ya tsaya kusa da ita. Ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga a hankali, ninki bayan ninki, kamar zai shiga aji.

"Ba ni, Vela."

"Kai? Ka san ma ta ina ake riƙe ta?"

"Ban sani ba. Ke za ki gaya mini."

"Hannuna ne ya yi gumi, shi ke nan."

"Vela," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Shekara biyu ina buɗe miki kwalba. Hannun mutum ba ya shekara biyu da maiƙo. Kuma ina jin ki kullum da safe kina ɗora ruwa, alhali ba ki shan shayi."

Ta ɗago ta dube shi. "Ka sani? Me ya hana ka magana?"

"Ina jira ki faɗa da bakinki. Na san halinki."

Fikriye ta leƙo ta taga. "Wallahi har ni na sani. Da can layi biyu kike gamawa kafin in gama ɗaya. Bana kuwa in kin juya baya sai in riƙa juye miki nawa a buhunki, don kada ki gane kin rage. Ke kaɗai ce a gonar nan kike zaton sirri ne."

 Kunya ta kama Velichka, haushi ya kama ta, amma a ƙarƙashinsu sai ta ji wani sauƙi da ta manta irinsa, kamar an sauke mata kayan da ta daɗe ɗauke da su har wuyanta ya saba. Ta share ido da kafaɗa.

"Munafukai, ku biyun," ta ce. "Ungo. Kuma in ka gaya wa Nevena, a rumfar kaji za ka kwana."

"Wannan sai mun zauna. Yanzu ta ina ake kwancewa, hagu ko dama?"

Ashe dogayen yatsun nan na riƙe alli sun fi nata dacewa da lungun. Ya zura hannu har kafaɗa, kuncinsa manne da batir, idonsa a rufe.

"Ka kama shi?"

"Na kama wani abu."

"Mai kusurwa shida?"

"Bari in ƙirga."

"Kada ka ƙirga, Malam, ba jarrabawa ba ce! Zaunar da sifanar sosai. Yanzu ja wajenka. Wajenka na ce! Haka ɗaurewa kake yi."

Ya ja. Notin bai motsa ba. Ta ɗiga wa notin ɗan mai daga sandar awon man injin, suka jira, ta ce ya ɗan ɗaure kaɗan tukuna sannan ya kwance da fizga ɗaya. Ya ja numfashi ya fizga. Aka ji ƙiiƙ, hannunsa ya daki ƙarfe, ya saki wata ashar da Velichka ba ta taɓa ji a bakinsa ba cikin shekara arba'in da huɗu.

Fikriye ta tafa hannu. "Lallai! Yau Malam ya zama bakanike na gaske!"

Ya fito da bakin wayar. Ta yi kore, ta yi ɓawo. Velichka ta sa ya ɗauko wuƙar da suke yanka cuku da ita, ya kankare har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli, ya goge da wani dutse mai kaushi daga rafi. Ya koma lungun ya kankare jikin motar ma inda wayar ke zama, tana tsaye a kansa tana cewa, "Ƙara. Sai ka ji santsi a yatsanka. Ƙara." Ya mayar, ya ɗaure, ta sa ya jijjiga wayar. Ba ta motsa ba.

Ta ce wa Fikriye ta fito. Ta zauna, ta taka kuloci, ta ɗora hannu a kan makulli, ta ɗan dakata. Idan ta yi kuskure, babu sauran dabara. Ta murɗa.

Injin ya juya sau biyu ya kama, ya yi gurnani, hayaƙi ya fita ta baya ya bi kan rafi. Fikriye ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Stoil na tsaye a gaban mota, hannu baƙi ƙirin har gwiwa, jini na ɗan tsatsowa a bayan yatsunsa, yana murmushi kamar yaron da ya ci na ɗaya.

"Kada ku tsaya kuna kallona," in ji Velichka. "Buhuna!"

Goma da kwata suka bar gona. A hanya suka yi kiciɓis da Dobri shi kaɗai a kan baburinsa, surukin ya tafi kasuwa. Ya buɗe baki yana kallonsu, ya yi ihu, "Na ce muku bugun nan zai yi aiki!" Ba wanda ya tsaya gyara masa. Sun isa matata saura minti ashirin. Matar da ke kan sikeli ta tura hannu cikin buhunan ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina, ta ware guda ɗaya da ya ɗan dafe a tsakiya, ta karɓi goma.

A inuwar katangar matata suka zauna suka ci banitsa, wani gasasshen fanke mai cuku da Fikriye ta ƙunso, da madara mai tsami. Velichka ta ɗaure wa Stoil yatsu da ƙyallen kanta. A nan ne ya gaya mata cewa ba zai ɓoye wa 'yarsu ba, amma kuma ba mai ɗaga su daga Lipovets, shi ma ba ya son gidan da in ka leƙa taga sai ka ga kan bishiya a ƙasanka. Sharaɗinsa ɗaya ne, ta je ta ga likita.

Da aka gama tsinta a tsakiyar Yuni ta je. Nevena ce ma ta raka ta. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce uwarta ta fi dutse taurin kai, amma da ta ga uban ya tsaya kai da fata ba za su koma birni ba, ta haƙura. Likita ya ce ciwon gaɓoɓi ne, ba ya warkewa, sai dai da an zo da wuri da an fi rage shi. Ya ba ta magani da wasu motsa yatsu da za ta riƙa yi. Hannun bai dawo kamar da ba. Sifana ta gagare ta har yau, amma tana ɗaure maɓallin rigarta, tana tsintar layinta a hankali, kuma tana tsoma yatsunta a ruwan ɗumi a kan teburin cin abinci, a gaban kowa.

Farcen Stoil na tsakiya ya yi baƙi daga bugun ranar. Wata biyu ya yi yana yawo da shi a gari, yana nuna wa tsofaffin ɗalibansa a shagon burodi da bakin coci, yana ba su labarin wayar da ke ƙarƙashin batir da yadda ake gane ta da zafi. Ranar da farcen ya faɗi, sai da ya yi kwana biyu ba ya walwala.